Ajiya Ma Kisa Ce: Abin da Ke Cin Tsofaffin Kwamfutoci a Cikin Kwali

Duk wanda ya taɓa manta batir a cikin tocila har damina ta wuce ya san abin da zai tarar in ya buɗe murfin. Wani farin gari kamar kanwa ya lulluɓe ƙarfen, gefe ya yi kore-kore, ko sabon batir ka sa ba ta kawo haske. Ba wanda ya taɓa tocilar, ba ta faɗi ba, ruwa bai shige ta ba. Zama kawai ta yi har ta lalace. To wannan 'yar ɓarnar, in ka ba ta shekara talatin ko arba'in, ita ce babban ciwon kan masu tara tsofaffin kwamfutoci da gyara su a ko'ina a duniya.

Yawancinmu muna ɗaukar kayan lantarki kamar kwallar jere: a goge, a naɗe, a ɗora a kan kabad, jika ta zo ta same ta tana walƙiya. Kwamfuta ba ta yarda da wannan ba. A cikinta akwai abubuwa masu ruwa, akwai roba, akwai maiƙo, akwai sinadarai waɗanda ba ruwansu da ko an kashe wuta ko an kunna. Sau da yawa wadda aka ci gaba da aiki da ita kullum ta fi wadda aka lallaɓa aka ajiye a sito lafiya, domin mai amfani da abu yana ganin cuta tun tana ƙarama.

Mu fara da batirin, tunda shi ne babban mai laifi. Kwamfutocin shekarun 1980 da 1990 suna da wani ɗan batir a kan fanel, wato allon da aka kafe duk ƙananan kayan a kansa, aikinsa ya riƙe agogo da saituna idan an ɗauke wuta. A wasu nau'o'in Amiga na kamfanin Commodore, batirin Varta ne mai siffar ɗan ganga, an liƙe shi da dalma a jikin fanel. Idan ya tsufa sai ya fara tsiyayar da wani ruwa mai cin ƙarfe. Ruwan ba ya tsayawa inda ya zuba, bin siraran layukan tagullar nan yake yi a hankali, yana shiga ƙarƙashin koren fentin da ya rufe su, har ya kai ƙafafun ayisi, wato ƙananan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu da yawa da ke yi wa kwamfuta lissafi da sauran ayyuka, da ke nesa da shi. A tsofaffin Macintosh na Apple kuwa wani gajeren batirin litiyam ne, wanda wani lokaci fashewa yake yi gaba ɗaya ya fesa tsatsa a cikin akwatin. Shi ya sa masu wannan harka suke da ƙa'ida ta farko wadda ba a gardama a kanta: in ka sayi tsohuwar kwamfuta, kada ka kusanci soket. Ɗauko sukundireba, buɗe ta, yanke batirin.

Idan an riga an makara, aikin na mai haƙuri ne. Ana ɗiga ruwan khal a wurin domin tsaminsa ya kashe kaifin abin da ya zuba, za ka ga yana 'yar kumfa. Sai a wanke da sifirit, a kankare da ƙaramin burushi, a bari ya bushe. Daga nan a ɗauko mita a riƙa bin layukan ɗaya bayan ɗaya, a ɗora tsinke a nan a ɗora a can, in mita ta yi ƙara layin yana da rai, in ta yi shiru ya yanke. Kowane yankakke sai an yi masa gada da waya mai sirantar gashi. Fanel guda yana iya cin mako. Wasu kamfanonin ma sun ƙara wa aikin wuya: akwai ayisin agogo na Dallas da aka binne batirinsa a cikin baƙar roba mai tauri, ba ƙofa ba taga. Masu gyara sai su goge gefensa da zarto har su tarar da ƙafafun batirin, su yanke, su jona sabo daga waje.

Na biyu a jerin masu laifi ita ce kafasita. Aikinta kamar tankin ruwa ne a saman gida: ko famfo yana zuwa yana tsinkewa, na ƙasa yana samun ruwa daidai wa daida. Irin wadda ta fi ba da matsala, siraran fallayen alminiyam ne aka naɗe tare da takarda da aka jiƙa da wani ruwa, aka zura a ɗan gwangwani aka toshe da roba. Robar tana tsufa. Ruwan ko dai ya ƙafe, kafasitar ta daina riƙe wuta, ko kuma ya ɗigo a kan fanel ya fara irin ɓarnar batir. Macintosh SE/30 ta 1989 ta yi suna a wannan, har ya zama wanda ya same ta ba ya tambayar ko kafasitocinta sun zuba, cire su kawai yake yi duka ya sa sababbi. Wanda ya taɓa wannan aiki yana gane shi da hanci: da zarar bakin ayan mai zafi, wato ƙarfen narka dalma, ya taɓa wurin, wani ƙarni ke tashi kamar na ruɓaɓɓen kifi. Masu gyaran talabijin da kwamfuta a kasuwanninmu ma sun sha ganin ƙanwar wannan cuta. Tsakanin 1999 da 2007 an cika duniya da kafasitocin da aka haɗa ruwansu ba daidai ba, galibi daga wasu masana'antun Taiwan, waɗanda kansu ke kumbura ya tsage tun kayan ba su tsufa ba.

A nan ne maganar ajiya ta fi fitowa fili. A cikin kafasita akwai wani siririn rufi a jikin alminiyam ɗin wanda wutar da ke ratsawa ce ke sabunta shi. In ta yi shekaru ba wuta, rufin ya yi rauni. Ka zo rana ɗaya ka danna mata cikakkiyar wuta, tana iya yin zafi ta fashe. Saboda haka a manyan tsofaffin injina ba a kunna su kai tsaye. Ana amfani da wata transfoma da ake murzawa, a fara da wuta kaɗan, a ƙara a hankali cikin sa'o'i, kamar yadda ba a ba wanda ya daɗe da yunwa tuwo mai nauyi a lomar farko. Akwai kuma kafasitocin RIFA da ke cikin sashen wuta na kwamfutocin BBC Micro da wasu Apple II. Su jikinsu ne ke tsattsagewa, laima ta shiga, ka kunna bayan 'yan mintuna ka ji tau, ɗaki ya cika da farin hayaƙi mai wari. Abin dariya, sau da yawa kwamfutar tana ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru, mai ita ne kawai ya tsorata. Na Commodore 64 ya fi muni domin ba ya hayaƙi: akwatin wutarta in ya tsufa yakan tura fiye da bolt 5 ɗin da ake buƙata, ya ƙone ayisin ƙwaƙwalwa shiru.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce. Tsohuwar talabijin ko allon kwamfuta mai ƙeya, wato mai kwalba, yana aiki da wutar da kan kai bolt 25,000 a masu kala, kuma kwalbar tana iya riƙe wuta bayan an zare soket. Wannan ba wurin koyon gyara ba ne.

Sauran cututtukan ƙanana ne. Bel ɗin roba na narkewa ya zama kamar kwalta. Maiƙon da aka shafa wa injin faifai yana daskarewa. Farar robar jikin akwati tana komawa ruwan ɗorawa, wasu su jiƙa ta da sinadarin haidurojin feroksaid su shanya a rana ta yi fari. A ganina wannan kwalliya ce kawai, kuma sau da yawa launin yana dawowa.

Abin da ya fi wuyar magani shi ne kayan da aka daina ƙerawa. Kafasita da batir ana samun sababbi a ko'ina. Amma Commodore 64, wadda ta fito a 1982 aka sayar da miliyoyinta, tana da ayisin sauti mai suna SID wanda kamfanin ya ƙera wa kansa, kuma Commodore ya durƙushe a 1994. Duk SID da ke duniya yau, daga cikin waɗanda aka riga aka yi ne, kullum raguwa suke. Ko dai ka yanka wata kwamfutar ka ciro nata, ko ka sa na zamani da aka tsara ya kwaikwayi na asalin. Daga nan gardama ke tashi a tsakanin masu tarawa. Ka canza kafasitoci, ka canza sashen wuta, ka sa ayisin kwaikwayo, ka cire injin fulofi, wato tsohon faifan ajiye bayanai, ka sa na'urar Gotek mai karanta filasha. Me ya rage na 1982 ban da akwati da madannai? Masu son aiki suna cewa kwamfutar da ba ta kunnuwa gawa ce. Masu son asali suna cewa wadda aka canza wa hanji duka ba ita ba ce, kama ce kawai.

Ni dai ina ganin duka ɓangarorin suna yawan kallon akwati su manta da abin da ke ciki. Ƙarfe yana da magani ko da tsada. Bayanan da ke kan faifai in sun tafi sun tafi.

Fulofi da kaset duk dabara ɗaya ce: garin ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu aka manna a jikin leda da wani irin gam. Gam ɗin yana shan laimar iska ya yi danƙo. Ka sa irin wannan zaren, wato ledar cikin kaset, a inji, sai ya riƙa ƙugi yana barin baƙin datti a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, kuma wannan dattin da kake gogewa da auduga shi ne muryar ko rubutun da kake nema. Masana adana sauti suna gasa irin waɗannan zarurruka a wata tanda ta musamman, a zafin da bai wuce digiri 50 da 'yan kai ba, na tsawon sa'o'i, domin gam ɗin ya kama na ɗan lokaci a samu a kwafe. Fulofi kuma yanzu akwai ƙananan na'urori irin su KryoFlux da Greaseweazle da ke ɗaukar hoton maganaɗisun faifan kansa, ko da ba a gane tsarin rubutun ba tukuna, a bar fassara sai daga baya. Dalili shi ne tsohon faifai wani lokaci karatu ɗaya ya rage masa. Sony ta daina yin fulofi a 2011, amma kada a ɗauka kowa ya rabu da shi a lokacin: sai a 2019 rundunar sojan Amurka ta daina amfani da manyan fulofi masu inci 8 a tsarin aika umarnin makamanta na nukiliya, gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ta sanar da cewa ta kawar da dokokin da ke tilasta miƙa takardu a kan fulofi.

Ko faifan yana da lafiya ma, ba a tsira ba. A 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa an ƙidaya filaye da dukiyar ƙasarsa, aka rubuta da tawada a kan fata, kundin da ake kira Domesday. Da ya cika shekara 900, a 1986, BBC ta shirya irinsa na zamani. Mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu, akasarinsu 'yan makaranta, suka rubuta labarin garuruwansu, aka haɗa da hotuna da taswirori da bidiyo, aka zuba a manyan faya-fayan leza guda biyu. Sai dai ba a karanta su sai da wata kwamfutar BBC Master da aka yi wa ƙari, haɗe da wani injin Philips na musamman, kuma kaɗan aka sayar saboda tsada. Shekara goma sha biyar kacal, injinan da ke aiki suka kusa ƙarewa. Kundin fata na 1086 yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Kew, duk mai ido da ya iya Latin zai karanta, na 1986 kuwa ya kusa zama bebe. Sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan, a wani shiri mai suna CAMiLEON, suka rubuta manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar tsohuwar, aka sake buɗe shi.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na hotunan wata. A 1966 da 1967 hukumar NASA ta aika kumbuna biyar masu suna Lunar Orbiter su ɗauki hoton wata domin a zaɓi inda 'yan sama jannati za su sauka. An naɗi saƙonnin a manyan zarurruka kusan 1,500. Bayan shekaru aka yi niyyar zubar da su, wata ma'aikaciya, Nancy Evans, ta hana. Ta kuma gane cewa zare ba inji aikin banza ne, sai ta nemo 'yan injinan Ampex FR-900 da suka rage, kowanne ya kai girman firji, ta ajiye a garejin gidanta shekara da shekaru. A 2008 wasu masu sha'awa suka kwashe zarurrukan da injinan zuwa wani tsohon shagon McDonald's da aka rufe a harabar cibiyar NASA ta Ames a Kalifoniya. Suka wanke, suka ciri kayan wannan suka sa wa wancan, suka nemo tsohon ma'aikacin da ya san irin injin tun yana saurayi. Hotunan da suka fito sun fi waɗanda duniya ta gani a 1966 kyau nesa ba kusa ba. Abu uku ne suka haɗu a wannan shago: zaren, da injin, da mutumin da ya san injin. Da ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani. Kuma a cikin ukun, mutumin ne ba a iya ajiyewa a gareji.

Gidajen tarihi ma ba bakinsu ɗaya ba. Na Bletchley Park a Ingila yana da kwamfutar Harwell Dekatron, wadda aka gina a farkon shekarun 1950 domin lissafin cibiyar binciken nukiliya ta Harwell, ta koma wata kwaleji a Wolverhampton a 1957, aka yi koyarwa da ita har 1973. Nauyinta tan biyu da rabi, kuma ninka lamba biyu yana ɗaukar ta daƙiƙu biyar zuwa goma, kana tsaye kana kallon fitilunta suna juyawa. Masu aikin sa kai suka fara gyara ta a 2009 suka tashe ta a 2012, kuma ita ce ake lissafawa a matsayin kwamfutar dijital mafi tsufa da ke aiki da kayanta na asali. Gidan tarihin kwamfuta na Mountain View a Kalifoniya yawancin kayansa a kashe suke, amma ya gyara IBM 1401 da PDP-1 yana kunna wa baƙi. Sai kuma Living Computers na Seattle, wanda Paul Allen, abokin kafa Microsoft, ya gina a kan cewa kowane baƙo ya zauna ya taɓa injin da hannunsa. Allen ya rasu a 2018, aka rufe gidan a 2020 lokacin korona, bai sake buɗewa ba, a 2024 aka yi gwanjon manyan kayansa a kamfanin gwanjo na Christie's. Kunna tsofaffin injina kullum yana cin albashin injiniyoyi da kuɗin wuta, kuma da mai ɗaukar nauyin ya kau, abin ya tsaya.

Gwanjo kuwa shi ne abin da jaridu suka fi so. Apple-1 ta 1976, wadda aka yi kusan 200 aka sayar a kan dala 666.66, an sayi guda a 2014 a kan dala 905,000, gidan tarihin Henry Ford ne ya saya. Irin wannan labari yana sa kowa ya zaci tsohuwar kwamfutar ofishin babansa taska ce. Yawancinsu ba su kai kuɗin ɗaukar su ba. Abin da ke kan faifansu ne wataƙila ba shi da na biyu a duniya.

Wannan ne ya dawo da ni gida. Mu ba mu da ɗakunan Amiga da Macintosh, amma muna da kaset, buhu-buhu. Finafinan Hausa na Kano a kan kaset ɗin bidiyo suka tashi a shekarun 1990. Tafsirin azumi na malaman da suka riga mu gidan gaskiya, waƙoƙin fada da na noma, wasannin kwaikwayo na rediyo, bikin aure da na suna, da yawansu kwafi ɗaya ne ko biyu suka rage a hannun wani. Kuma yanayinmu ya haɗa duk abin da zare ba ya so: zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, balle a sito mai rufin kwano, sai laimar damina mai kawo fumfuna, sai ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin bidiyo na VHS, ya daina a Yulin 2016. Injinan da suka rage kuma 'yan jari-bola suna bi gida-gida suna saye a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, a fasa a ciri tagulla da alminiyam. Ba laifinsu ba ne, abincinsu suke nema. Wanda yake da irin wannan kaset, ya jera shi a tsaye a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisunta, ya kuma kwafe shi tun injin yana samuwa. Kwafin ma kada ya tsaya a filasha ɗaya ko faifan CD da aka ƙona a shago, su ma suna da nasu ajalin. A raba shi wuri biyu ko uku.

Bara na ɗauki kaset ɗin bikin yayata na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da bidiyo, a can ƙuryar kasuwa inda shagunan gyaran waya suka kewaye shi. Ya buɗe murfin kaset ɗin da farce, ya ɗaga shi ga haske. Fararen ɗigo-ɗigo sun bi gefen zaren.

Na ce, "Baba, zai yi kuwa?"

Ya ce, "Fumfuna ce, ɗana. In na sa shi haka, hed ɗina zai kashe, kuma ba ni da wani. Bar shi in warware in goge da hannu, ka dawo jibi."

A bayansa injinan bidiyo ne jibge har kusan rufi, wasu ba murfi, wasu ba ƙofa. Na tambaye shi nawa ne ke aiki a ciki. Ya ɗaga yatsa biyu. Sauran, in ji shi, na yanka ne: wannan ya ba da bel, wancan ya ba da mota. Yaran da ya koya wa aiki duk sun koma gyaran waya, wanda ya rage masa jikansa ne, shi ma sai ran Asabar yake zuwa.